Manhajar da Ta San Uwa Ɗaya

Tun da Auta ta gama karatu ta karɓi ofishin masana'antar kujerun mahaifinta, ba ta da zance sai na manhajar kula da ma'aikata. A da Kawu, ƙanen mahaifiyarta, shi ke wannan aiki da baki da ƙwaƙwalwa: wanda ya makara ya sha faɗa, mai son hutu ya tare shi a bakin ƙofa. Baba ya ce ta zaɓo wadda ta yi mata a gwada, kada dai ta kawo masa rigima.

Biyu suka rage a gabanta. Ɗaya shuɗiya ce mai ɗaukar ido, tana lissafa hutu, tana yanke hukunci, har saƙo take tura wa wayar ma'aikaci da kanta. Wakilinta ma ɗan gaye ne, ma'aikata suka laƙaba masa Ɗan Kwat saboda ko ana narkewa da zafi ba ya tuɓe ta. Ɗayar kuwa ruwan toka ce, ba fasali, komai sai ka rubuta da hannunka. Zuciyar Auta ta tafi ga shuɗiyar tun kallon farko, ta zuba mata duk tsofaffin bayanan da ta tatso daga bakin Kawu.

"Kyan ɗan maciji," in ji Kawu, yana kaɗe garin katako daga hularsa.

"Kawu, kishi kake da kwamfuta?"

"Ni? Allah ya sawwaƙe in yi kishi da abin da ba ya amsa sallama."

Ran nan ta dawo daga duba katako, sai ta tarar da Dogo tsaye a ƙofar ofis. Shi ne mai ɗinkin kushin, wanda saboda hannunsa masu saye ke tsallake shaguna su zo nan. Auta kan ƙirƙiri dalilin bi ta gefen teburinsa don kawai ta ga yadda yake shafa yadi kamar mai lallashin jariri. Yau kuwa idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"'Yar maigida, karanta min wannan, wataƙila ni ne ban iya karatu ba."

Ta karɓi wayarsa, ta karanta saƙon da manhajar ta tura masa: An ƙi buƙatarka. Bayanai sun nuna ka riga ka karɓi hutun rasuwar uwa. An rubuta maka gargaɗin farko.

Auta ta tuna. Ita da kanta ta shigar cewa mahaifiyarsa ta rasu bara.

"Dogo, to wace ce ta..."

"Inna ce. Ƙanwar mahaifiyata. A bayanta na girma, a ɗakinta aka yaye ni. Da asuba ta cika. Me kike so in kira ta, maƙwabciya?" Ya karɓe wayarsa. "Ina shirin raka ta, na'urarki tana ce min maƙaryaci."

Ya zaro almakashinsa ya ajiye a teburinta a hankali, wanda ya fi mata zafi a kan ya jefar. Ya fita bai waiwayo ba.

Baba ya leƙo daga ƙofa, bai ɗaga murya ba. "Manhaja ba ta ɗinka kushin, Auta. Ki dawo min da Dogo."

Ta cika ta yi fam. Ta kira Ɗan Kwat, ta buɗe muryar wayar don Kawu ya ji.

"Ranki ya daɗe, ai ba kuskure ba ne," in ji shi cikin fara'a. "Sai ya zaɓi 'sauran dangi', a ba shi rabin wuni."

"Uwarsa ce!"

"Kin ce ƙanwar uwa."

"To ƙanwar uwa mece ce in ba uwa ba?"

"A tsarinmu uwa ɗaya ce ga kowane ma'aikaci. Ai haka Allah ya yi."

Kawu ya matso da bakinsa kusa da wayar. "Yaro, ni uwaye uku na binne, kuma ba wadda na yi wa rabin kuka."

"To, sai dai mu rubuta wa babban ofishinmu. Wataƙila a gyaran da zai fito nan gaba..."

"Nan gaba yaushe? A ajiye gawar ta jira ku?" Ta kashe wayar, ta dafe kai. Fanka na ta juyi a sama, shuɗin allon yana ta walwali kamar ba shi ya yi ɓarnar ba. Har da ɗan rubutu a kusurwa: Barka da aiki! Saura kaɗan ta kifa shi ƙasa.

Ta lalubo lambar masu ruwan toka. Wata mata ta ɗauka, da alama tana cikin taunar wani abu.

"Tambaya ɗaya gare ni. A manhajarku, uwa nawa mutum zai iya samu?"

Matar ta tuntsire da dariya. "'Yar nan, wurin fili ne. Rubuta abin da ya faɗa miki, ko goma ne. Hukunci kuma naki ne, mu ba ruwanmu."

"Ku zo gobe ku saka mana."

Da yamma ta naɗe almakashin a gyalenta, Kawu ya raka ta gidan su Dogo. Ta same shi zaune kan benci a ƙofar gida, mutane sun fara raguwa. Duk kalaman da ta tsara a hanya suka gudu. Ta yi masa gaisuwa, ta ce laifinta ne, ita ta bar na'ura ta yi magana a inda mutum ya kamata ya yi. Ta ce an kori shuɗiyar, gobe za a kawo wata. Sannan ta ajiye almakashin a gefensa.

Ya daɗe yana kallonsa bai taɓa ba. 

"Ita sabuwar," ya ce da ƙyar, "uwa nawa ta yarda da su?"

"Duk wadda ka kira uwa."

Ya juya ya dubi cikin gida, inda kukan wata tsohuwa ke fitowa ƙasa-ƙasa.

"To a sanar da ita tun yanzu. Akwai saura ɗaya, ga ta can tana kukan ƙanwarta."

Ya ɗauki almakashin ya zura a aljihu.