Azarar Malam Ɗahiru

Uwani na cikin shanya a bakin katanga ta hango Lawan a saman zauren ubansa, riƙe da diga, yana ɓarke rufin. Jar ƙasa sai zubowa take cikin lungu kamar ana tankaɗe.

"Lawan, me kake yi a nan sama?"

"Aiki aka sa ni, Inna," ya ce, ko ɗago kai bai yi ba.

Uwani ta ja tsaki. Shekara talatin ke nan tana maƙwabtaka da Malam Ɗahiru magini a wannan lungu na Gyaɗi-Gyaɗi, ba ta taɓa ganin Lawan ya taɓa laka ba sai yau da uban ke kwance rai a hannun Allah. Tsohon ya yi ƙuruciyarsa yana gyaran sorayen gidajen sarauta a cikin birni. Ragowar azarar da aka ba shi a wani tsohon gida ita ya kawo ya rufa zaurensa, ya yi masa ɗaurin guga, ya zana dagi a bango. Duk layin ya koma bulo da shaguna, zauren kaɗai ya rage. Kuma makon jiya da idonta ta ga Lawan da wani mai gilashi daga Unguwa Uku suna awon gaban gidan, suna magana ƙasa-ƙasa. Ba sai an faɗa mata ba.

Ta yafa mayafi ta shiga gidan, ranta a ɓace. Hasana, autar Malam, tana zaune tana yi masa fifita. Ya rame har tausayi ya kama Uwani, sai dai idanun nan nasa suna nan tar.

"Malam, kana nan da ranka ana rushe maka zaure."

"Ni na sa shi, Uwani." Ya nuna wajen zauren da yatsa. "Azara goma sha biyu na ce ya zaro daga tsakiya, ya yanka su gajeru. Su za a jera mini a kabari."

"Itace ya ƙare a maƙabarta ne?"

"Azarar giginya ce. Gara ba ta cin ta."

Uwani ta dubi Hasana, Hasana ta sunkuyar da kai. Uwani dai ba ta yarda ba. Mara lafiya ai ana iya cusa masa magana a baki, ya maimaita kamar tasa. In aka huda rufi kafin damina, ruwa ne zai kayar da zauren, kuma babu wanda zai ce ɗa ya rushe ginin ubansa.

"To mai awon nan fa, Malam? Shi ma kai ka kira shi?"

Tsohon ya lumshe ido. "Na ji su. Kunnena bai mutu ba." Ya shafa bangon da ke gefensa da tafin hannu. "Bayana babu mai yaɓe. Gara in ɗebi nawa kafin su zo da katafila."

Da ta fito ta tarar da Lawan tsugune a zaure yana yankan azara da zarto, idanunsa jawur. Ƙura ce ko kuka, Uwani ta kasa rabewa, ta wuce ba ta ce masa sannu ba.

Ranar Alhamis bayan azahar Malam Ɗahiru ya cika. Uwani ta leƙa ta ƙofa ta ga maza sun ɗauki makara, bayansu adaidaita sahu ɗauke da guntayen azara an ɗaure su da igiya. Nan ne kuka ya ƙwace mata.

Ranar sadakar uku hadari ya haɗu, aka sako ruwan farko. Masu gaisuwa suka watse. Uwani ta ɗauko babbar robar wankinta ta tsallaka lungu, ta kai ta zauren, ta ajiye daidai inda ruwan ke zuba ta tsakiyar rufin. Ta tsaya rungume da hannu tana jin ƙarar ɗigarsa, ja-ja da laka, har robar ta cika ta fara tumbatsa.