Abin da Suka Goge Daga Muryata

Likita ya ce kafin rani muryata za ta tafi. Ciwon daga harshe ya fara, yana gangarawa a hankali. Ban damu da kaina sosai ba. Shekara talatin da takwas na yi ina koyar da kimiyya a sakandaren Duluth, garinmu da ke bakin wani babban tafki, na yi maganar da ta ishe ni. Damuwata ita ce Alden. Mijina ya makance shekara tara da suka wuce, tun daga nan ni murya ce a wurinsa: daga kicin, daga saman bene, daga ɗaya gefen gado. In ta tafi, ban san da wa zai zauna a gidan nan ba.

Jami'a ta turo mana ɗalibai biyu masu karatun injiniya, Xiomara da Tobias. Aikinsu na ƙarshen shekara shi ne su ɗauki muryata tun tana nan, su zuba ta a wata 'yar na'ura, in na rubuta ta faɗa.

Duk watan Fabrairu a ɗakin ajiye kaya na yi shi, tsakanin rigunan sanyi, wai tufafi suna shanye amsa-kuwwa. Ina zaune a duhu ina karanta jimloli ɗari shida, ina jin kamar ana warware ni zare-zare ana naɗewa a wani wuri.

"Wa ya rubuta waɗannan?" na tambaya wata rana. "'Don Allah a miƙo mini gishiri.' Ban taɓa roƙon kowa gishiri ba."

"Malama, sautukan muke so, ba ma'anar ba," in ji Tobias.

"Haka duk mai ba da aikin banza yake cewa, yaro. Ni ma na sha faɗa."

A Afrilu suka kawo na'urar. Lokacin maganata ta riga ta zama kamar ta mai ruwa a baki, Alden kaɗai ke tsintar wani abu a ciki. Ranar hazo ya rufe tafkin, jiragen ruwa suna busa ƙaho ba a ganinsu, falon kansa kamar yana shawagi. Na rubuta: Alden, shayinka yana hucewa.

Muryata ce ta fito, tas, kamar an wanke ta an goge.

Alden ya gyara wuyan rigarsa. "Na gode, 'yar nan," ya ce cikin ladabi. Sai ya juyo inda yake zaton nake. "Lorna, baƙuwa muka yi?"

Ba wasa yake yi ba. Na san muryarsa ta wasa.

Tobias ya ce kwamfuta ta auna, kamar da ke tsakanin muryar nan da tawa ta kai kashi casa'in da shida cikin ɗari.

"Kwamfutarka ta yi shekara hamsin da ɗaya tana shan faɗan Lorna kamar ni?" in ji Alden.

Xiomara ta durƙusa kusa da kujerarsa. "Baba, me ya ɓace?"

Ya karkata kunne wajen na'urar. Wani jirgi ya yi busa can nesa.

"Wannan matar ba ta numfashi," ya ce.

Xiomara ta rufe fuska da hannu biyu. "Mu muka cire. Sati uku muna bi ɗaya bayan ɗaya. An koya mana cewa hayaniya ce."

Ban ga laifinsu ba. Ni ma yara nawa na sa suka tace ruwa, suka jefar da abin da ya maƙale a takardar tacewa, ba tare da mun duba ko shi ne abin nema ba.

Sake ɗauka kuwa ba zai yiwu ba, muryar ta riga ta lalace. Tobias ya buɗe kwamfutarsa, cike da kunya. Ashe shi ba ya zubar da komai. Duk abin da suka yanke ya tara a wuri guda, ya sa masa suna Shara. Minti arba'in. Ya kunna.

Babu kalma ko ɗaya. Numfashi ne, da ajiyar zuciya, da gyaran murya, da tsaki, suna zuwa suna komawa kamar ruwa a bakin gaɓa. Na zauna ina sauraron wata mata tana raye a duhu tsakanin riguna.

Alden ya jingina kansa da kujera.

"Wannan ta gaji," ya ce a hankali. "Wannan dariya take dannewa. Wannan za ta ce ban yi daidai ba, kullum sai ta ja iska ta hanci tukuna. Wannan kuma Tobias ne ya faɗi wata wauta."

"Sau ɗaya ne fa, Baba," in ji Tobias.

"Ga ta biyu nan."

Xiomara ta ɗauko littafi tana rubuta duk abin da ya ce, da mintin da ya faɗa. Haka muka yi ta tafiya, hazo yana ƙara matsowa jikin taga, har wani numfashi ya zo, dogo, yana rawa a ƙarshe. Alden ya ɗaga hannu. Tobias ya tsayar.

"Wannan tsoro ne," ya ce. "Kin ce mini ba kya jin tsoro, Lorna."

Na kai yatsa kan na'urar don in musa, sai na fasa.

"A cire wannan ɗin?" Xiomara ta tambaye ni a hankali.

Alden ya miƙo hannu yana lalube har ya sami gwiwata. Na rubuta, wankakkiyar muryar ta faɗa: "A bar shi."