Usur a Ƙirjin Orville

Kai ka busa usur ɗin nan, Dwight Maggard, ba mijina ba. Ka sani, na sani, shi ma Orville ya sani har ranar da muka binne shi a bayan cocinmu cikin watan Afrilu.

Shekara ashirin da biyu ke nan. Wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta kwalejojin gabashin Kentucky, 'yan garinmu suna baya da maki ɗaya, saura daƙiƙa biyu. Ɗan wasanmu Lonnie Caudill ya yi tsalle zai jefa ƙwallo, sai ƙarar usur ta tsaga ɗakin, alhali babu wanda ya taɓa wani. Ƙwallo ta shige kwando sumul, amma usur ya riga ta. Ku uku ne alƙalai a fili, Orville ne babbanku. Shi ya taka zuwa teburin masu rubuta maki a gaban mutum dubu uku, ya kaɗa hannu ya soke makin. Muka faɗi wasan, sunansa ya faɗi tare da mu.

Washegari da rana ka zo kicin ɗina, idonka jajir. Na zuba maka wake da burodin masara kamar kullum, ka kasa ɗaga cokali.

"Yaya Orville, wallahi numfashi kawai na saki," ka ce. "Na manta yana bakina."

"Ci abincinka kafin ya huce," in ji Orville. "In mun shiga fili, usur ɗinmu ɗaya ne. Ni ne babba, ni zan ɗauka. Kai yanzu ka fara."

Na ce, "In usur ɗaya ne, me ya sa gilashin motarmu kaɗai aka fasa?"

Ya yi dariya ya ce, "Rabu da ita, Dwight. Tun da na aure ta take hukunta ni, ba ta taɓa buƙatar usur ba."

Bayan ka fita ya sa na yi alkawarin ba zan buɗe baki ba muddin yana numfashi. Alƙali ba ya bayyana hukuncinsa a titi, ba ya nuna ɗan'uwansa da yatsa. Haka aka koya masa, haka ya riƙe kamar ayar Littafi.

Ƙungiyarku ta fitar da takarda mai layi biyu, wai an yi kuskure kuma an ɗauki mataki a cikin gida. Babu suna a ciki, amma gari ya riga ya zaɓi nasa. Matakin kuwa mun gan shi. Da can duk ranar Alhamis waya ke ƙara, a faɗa masa inda zai je ranar Asabar. Sai ta daina. Babu wanda ya ce an kore shi, babu wanda ya kira shi ya ji ta bakinsa. Da an kore shi ma, da ya fi, da ya san ya ajiye jakar kayan alƙalancinsa.

Bai ajiye ba. Kowace Alhamis sai na goge masa rigar nan mai ratsin baƙi da fari, shi kuma ya zauna kusa da waya yana shafa wa baƙin takalminsa mai. Ya shirya jaka ya dire ta a bakin ƙofa. Ranar Litinin ya kwance ta. A shagon aski suna haɗa usur da sunan gidanmu, suna kiransa Usur Sizemore, in ya shiga wani ya yi fito. Sai ya koma ni ke yi masa aski a baranda, kuma ban iya ba, kullum kunne ɗaya ya fi fitowa.

Shekara tara bayan haka aka naɗa ka shugaban alƙalai, kai ke raba wasanni. Ranar da ya ji, ya shigo yana rawar jiki kamar wanda aka yi wa jika.

"Verlie, ɗauko dutsen guga. Dwight ne yanzu da wayar."

"Haba tsoho, gwiwar nan taka da ƙyar take kai ka akwatin wasiƙa."

"Ko wasan share fage ne, sau ɗaya. In ji ƙarar takalma a kan katakon filin nan, shi ke nan."

Katin Kirsimeti ka aiko, da hoton iyalinka a bakin teku. Duk shekara kati. Yana jera su a kan firji, yana cewa aiki ne ya yi maka yawa. Da ya mutu ka aiko furanni, su ma ba ka kawo da hannunka ba.

Makon jiya jaridar gari ta sake buga labarin wasan, saboda za a buɗe sabon ɗakin wasa. A aji shida na bar makaranta, karatuna da yatsa nake bi, amma na gane sunansa sau huɗu. Hoto kuwa ba ya buƙatar makaranta. Ga Lonnie a sama, ƙwallo ba ta bar hannunsa ba tukuna. Ga Orville a ƙarƙashin kwando, hannuwansa a kan gwiwa, bakinsa a buɗe, usur yana lilo a ƙirjinsa. Can gefe, inda aka yanke hoton, ga rabin fuskarka, kumatu a kumbure. Shekara ashirin da biyu hoton nan yana gari, kowa ƙwallo yake kallo.

Na yi shiru iyakar abin da ya roƙe ni. Yanzu ba ya numfashi.

Ranar Asabar za a buɗe ɗakin, an ce kai za a miƙa wa lasifika. Zan zauna a layin gaba da jakarsa a cinyata, rigar a goge, takalmin da mai. Ba na son furanni, ba na son takarda mai layi biyu. Ka tsaya a tsakiyar katakon nan, a gaban Lonnie Caudill da masu fito a shagon aski, ka faɗi wanda ya busa usur ɗin. Ka kira sunan mijina da bakinka, Dwight, tun da ka kasa kiransa a waya.