Keken da Malam Yake Turawa

Maigidana mutum ne mai tunani, kuma ba ya yin abinsa a ɓoye. Tun da ya yi ritaya daga kantin sayar da magani, kowace safiya sai ya ajiye kofin shayi, ya gyara murya, ya ba mu abin da yake kira "tunanin yau". Mu ɗin kuwa ni ce da autarmu, sai kyanwa in ta ga dama. Yau gaskiya, gobe farin ciki, jibi me ya kawo ɗan Adam duniya. Maganganun ba su da laifi, wasu ma har daɗi gare su. Amma duk daɗin wa'azi, in kullum da shi kike karya kumallo, wata rana sai burodi ya tsaya miki a wuya.

Akwai kuma keke. Baƙi ne, mai ƙararrawa, tun kafin aurenmu ya saye shi, kuma har yau yana sheƙi saboda guga. Duk tsawon aikinsa da shi yake fita. Sai dai ba hawa yake yi ba, turawa yake yi, yana tafiya a gefensa kamar mai raka baƙo. Da yamma ya turo shi ya dawo, da cefane ɗaure a kariya. 'Yan layinmu kowa da fassararsa. Mai shago ya ce tsabar tawali'u ne, mai aski ya ce ciwon guiwa ne, likita ya hana. Malam bai taɓa cewa e ba, bai taɓa cewa a'a ba.

Ni kaɗai na san bai iya ba. Ranar da ya sayo keken ya gwada a gaban abokansa, ya faɗa kwata, suka yi masa dariya har da riƙe ciki, shi ke nan bai sake ɗaga ƙafa ba. Ya gaya mini wannan muna sabon aure, ni kuma na rufe bakina, har muka aurar da 'ya'ya.

Sai babban ɗanmu ya matsa mu koma kusa da shi a ƙarshen wata. Ya kama mana gida a saman bene, mai kyau, amma babu tsakar gida, babu inda za a jingina keke. Ya ce a waya, "Baba, wannan tsohon ƙarfen a ba masu sayen ƙarafa kawai, ai ba hawa kake yi ba." Malam ya ce to. Da ya ajiye wayar na gan shi ya ɗauki tsumma ya nufi keken, ya daɗe yana goge wurin da ba shi da ƙura.

Washegari ina fama da ɗaure kwalaye, bayana kamar zai tsinke, sai na ji an gyara murya.

"Tunanin yau," in ji shi. "Mutum ba ya ɗanɗana daɗin duniya sai ranar da ya daina ɓoye wa kansa abin da yake so. Gaskiya ita ce ƙofar farin ciki."

Ban san lokacin da bakina ya kufce ba. "To, Malam, tashi ka hau keken."

Auta ta ce, "Haba Mama, guiwar Baba fa?"

"Guiwarsa ƙalau take. Tambaye shi."

Nan take na yi nadama, don magana zarar bunu ce. Malam ya ƙura wa shayinsa ido har na ɗauka ya yi fushi. Can ya ɗago ya dubi 'yarsa.

"Auta, ban iya ba," ya ce. "Kuma tun ina yaro babu abin da nake so a duniya kamar in ji iska tana kaɗa mini riga a kan keke."

Auta ta ƙware da shayi, sai da na bubbuga mata baya. Shi kuwa ya juyo gare ni a hankali. "Ke ai kin iya. Yayyenki sun koya miki."

"Ina 'yar shekara goma, Malam."

"An ce ba a mantawa."

Haka na zama malamar keke da furfurata. Da gari ya fara wayewa, kafin mutane su fito, muka lallaɓa layin bayan gida. Auta ta tsaya a kwana tana gadi. Malam ya cusa ƙafar wandonsa cikin safa, ya yi bisimilla, ya hau, ni kuma na riƙe sirdi ta baya. Ban taɓa sanin mutumin nan yana da nauyi haka ba. Keken ya yi dama, ya yi hagu, ya nufi katangar maƙwabta kamar an aike shi.

"Kin gani ko," ya ce yana haki, "ita ma rayuwa haka take, in mutum ya..."

"Rayuwa ta jira. Taka feda."

Ya taka, rigarsa ta shiga sarƙa, muka zube mu uku, ni da shi da keken. Auta da aka sa gadi ta zauna a ƙasa tana dariya ba sauti, hawaye na zuba. Ni ma abin ya kama ni. Na koma gida da ɗingishi, amma duk yinin nan in na tuna sai in fashe da dariya ni kaɗai a kicin, kamar wadda ta zautu.

Muka yi ta yi kowace safiya. Ya fara yin taku biyar, goma, kafin ya karkace. Ya daina ba mu tunanin yau, don da ya sha shayi sai barci. Amma layi ba ya riƙe sirri. Mai kawo burodi ya gan mu, ya gaya wa mai shago, mai shago kuwa in ya ji magana ko rediyo albarka.

Ana saura kwana biyu mu tashi, Malam ya turo keken bakin ƙofa ya leƙa, sai ya ja baya. Na leƙa ni ma. Duk layin ya fito. Mai shago ya buɗe tun lokaci bai yi ba, mai aski ya fito da bencinsa, matan maƙwabta suna share ƙofar gidan da suka riga suka share.

"Mu bari kawai," ya ce ƙasa-ƙasa. Na tausaya masa ƙwarai, don na san ba mutanen nan yake gani ba, abokansa na wancan zamanin yake gani. Na riga na yi maganata sau ɗaya, ta isa.

Mai aski ya hango mu. Mutumin kirki ne, sai ya buɗe masa hanyar tsira. "Malam, ina kwana? Guiwa ta yi sauƙi ke nan, za a motsa ta?"

Malam ya turo keken tsakiyar hanya.

"Guiwata ba ta taɓa ciwo ba," ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "Ban iya ba ne. Koyo nake yi."

Layin ya yi tsit, har tsintsiyoyi suka tsaya. Sai mai aski ya miƙe ya karkaɗe wandonsa. "To ai sai ka ɗaga kai, ka daina kallon taya."

"A ƙara wa tayar baya iska tukuna," in ji mai shago.

Kafin ka ce kwabo kowa ya zama malami. Wannan ya ce a sauke sirdi, wancan ya ce a ɗaga. Wata tsohuwa da na tabbata ba ta taɓa hawa keke ba ta ce sirrin yana ga kafaɗa. Malam ya hau, na riƙe, muka tashi. Ya taka, ya sake takawa, sai na ji keken ya yi sauƙi a hannuna, yana ja na maimakon in tura shi.

"Kina riƙe?" ya tambaya ba tare da ya waiwayo ba.

"Ina riƙe."

Ƙarya nake yi. Ina can jikin turken lantarki, na dafa guiwa ina neman numfashi. Shi kuwa yana tafiya, rigarsa ta cika da iska ta kumbura ta baya, ƙararrawa tana ta kaɗawa don yatsansa ya kasa zama wuri ɗaya. Ya wuce shago, ya wuce gidan mai ɗinki, mutane suna tafi. Sai a lokacin na tuna ban koya masa juyawa ba, ban kuma koya masa tsayawa ba. A ƙarshen layin ana wani gini, an jibge yashi, can ya nufa kai tsaye ya shige.

Muka ruga. Na riga kowa isa, ban san ƙafafuna suna da sauran gudu haka ba. Na same shi kwance rigingine, yashi a gemu, guiwar hannu ta goge, yana dariya. Ba irin murmushin dattako da yake yi wa baƙi ba, dariya ce ta baki buɗe, har ana ganin gurbin haƙorin da aka cire masa. Rabon da in ji ta tun muna ɗaki ɗaya da katifa ɗaya. Na zauna a yashin ina dariya ina kuka, kuma ban ji kunyar kowa ba.

"Kin yi mini ƙarya," ya ce da ya samu numfashi.

"Na yi. Gobe sai ka yi tunani a kanta."

Ya miƙa wa mai aski hannu aka tashe shi. Ya dubi Auta. "Kira yayanki. Ki ce masa in benen nan ba ya ɗaukar keke, to ba ya ɗaukar ubansa."

Ya ɗaga keken, ya matse tayar gaba tsakanin ƙafafunsa, ya miƙar da kan da ya karkace. Sannan ya juya shi ya fuskanci layin, ya ɗora ƙafa a feda, ya dube ni.

"Cikin birkin nan biyu, wanne ne na baya?"