Harshen Auta

Auta makanike ne, kuma har ranar da likita ya zaunar da shi, hannuwansa na nan daram, yana kwance noti mai tsatsa kamar wasa. Harshensa ne ya yi nauyi. Likitan ya ce cuta ce da ke kashe jijiyoyin da ke motsa tsoka. Wasu ta hannu take kama su, wasu ta ƙafa. Shi kuwa ta harshe da maƙogwaro ta shigo, irin da ta fi sauri ke nan. Magani babu, sai dai lallaɓawa.

A hanyar gida ya roƙi matarsa kada Inna ta ji. Tsohuwar ta daɗe da makancewa, ta binne 'ya'ya biyu, shi kaɗai ya rage mata.

To, ina za a ɓoye wa makauniya murya? Kullum ya taso daga gareji sai ya durƙusa bakin gadonta ya gaishe ta, gaisuwar kuwa ta fara fitowa a dagule. Ga yawu da ya kasa haɗiyewa, har ya koma kurkure baki da wani ruwa mai ƙamshi kafin ya shiga. Wannan dabarar ce ta ƙarasa shi.

Wata yamma ta cafko wuyan rigarsa, ta shinshina.

"Auta, me kake rufewa da ƙamshin nan? Giya ka fara sha?"

Matarsa ta buɗe baki daga bakin ƙofa, ya ɗaga mata hannu. Ya auna abin a ransa. Mashayi dai ana sa ran wata rana zai daina.

"E, Inna," ya ce da ƙyar.

Daga ranar ta daina amsa gaisuwarsa, shi kuma bai fasa zuwa ba. Watanni suka shuɗe, ya rame, kalmomin suka narke suka koma gurnani.

"Ni dai ban haifi wannan ba," in ji ta rannan, tana hawaye. "Kullum a buge! Ko kunyata ba ka ji?"

Abin ya fi ƙarfinsa. Ya tattara numfashi zai faɗa mata gaskiya, ya yunƙura, ya sake yunƙurawa. Sautin da ya fito ko shi bai gane shi ba.

Inna ta juya fuskarta bango, ta kira surukarta.

"'Yar nan, fitar mini da shi. In giyar ta sake shi ya dawo mu yi magana."