Kusa da Kaltumi

Diga biyu, shebur, jarkar ruwa, guntayen itace da fasassun tukwane a cikin baro. Sai makara, muna karɓa-karɓa a kafaɗa. A cikinta Baba Halliru ne, maƙwabcinmu, wanda ya cika bayan sallar asuba. Tsohuwar maƙabartar Hausawa tana bayan unguwa, wajen bakin kogin Binuwai. Ƙasarta mai laushi ce, shi ya sa ba mu tura masu haƙa gaba ba.

Muna shan kwana sai na gaba suka tsaya. An kewaye maƙabartar da sabon kwano, an sa ƙofa, an danna kwaɗo. Wani mai gadi Bafulatani ya miƙe daga kan benci, ya cire hularsa.

"Allah ya jiƙan sa. Ku yi haƙuri, an ce kada a buɗe."

"Wa ya ce?" in ji Bilya, babban ɗan mamacin.

"Meri."

Wato ofishin magajin gari. Babu wanda ya kira sunana, amma duka suka juyo suna kallona.

Tsara birane na karanta a Beljiyam. Da na dawo Garwa, jami'a ta sa ni cikin ayarin malamai da ke aiki da ma'aikatan gari kan ambaliya. Unguwarmu ba ta buɗe wa mutanen gwamnati ƙofa. Baba Halliru ne ya buɗe, saboda ni. Tsohon ɗan kasuwar goro ne, kakansa daga Kano ya zo. Ya tara masu gidaje a zaurensa, ya zaunar da Misye Eugène, shugaban sashen tsare-tsare na gari, a kan buzunsa na salla.

"Za ku ci gaban gidajenmu ku yi lambatu, mun ji," ya ce masa ran nan. "Ni ma ga zaurena, ku yanka. Amma maƙabarta fa?"

"Ba mai taɓa ta, Baba," in ji Eugène. "Ga Dokta Hamadu shaida."

"Hamadu ɗan Ramatu? Wannan da hannuna na yi masa huɗuba. To shike nan."

Aka rushe rabin zauren, aka yi lambatu. Daminar bana ruwa bai shiga ɗakin kowa ba.

Da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, nakan leƙa bayan la'asar. Ya rame, amma bakinsa na nan. Yakan ce boko ya mayar da ni Bature, tunda ina gaisuwa a tsaye. Ranar Juma'ar da ta wuce ya riƙe hannuna.

"Wurina na nan ko? Gindin darbejiya, kusa da Kaltumi. Na gaya mata ta matsa mini."

"Yana nan, Baba."

"Ka tambayi mutumin naka?"

"Na tambaye shi."

Na tambayi Eugène kuwa, a wannan makon, kuma ya ce in kwantar da hankalin tsoho.

Yanzu, tsaye a gaban kwaɗon, na kira shi a waya. Ya ɗauka da fara'a.

"Eugène, muna ƙofar maƙabarta da gawar Baba Halliru. Ka sa a buɗe."

Sai ya koma Faransanci. Ya ce majalisar gari ta hana binne gawa a wurin, saboda ruwan ƙasa yana kusa da rijiyoyin mutane. "Bincikenku ne ya nuna haka, Dokta. Mu shawararku muka bi."

"Mun ce a ɗaga gefen kogi a yi masa shinge. Ba mu ce a rufe ba."

"Ka san yadda majalisa take. Ba komai take ɗauka ba."

"Kabari ɗaya. Mutumin da ya ba ku zaurensa."

"In na buɗe yau, gobe wani zai zo. Ka yi wa iyalin gaisuwa."

Bilya ya sa ido a tsagar kwanon. Ya daɗe, sannan ya matsa mini. An sare darbejiyar. An bi rabin filin da katafila, an kafa turaku da igiya, layi-layi, daidai girman shaguna. Kaburburanmu ba su da suna ko dutse, ƙasa ce da guntun tukunya. Yanzu ko ni ba zan iya nuna inda Hajiya Kaltumi, matar Baba Halliru, take ba.

Samari suka fara cewa a fasa kwaɗon da diga. Liman ya ɗaga hannu.

"Ku fasa, jandarmomi su zo, gawa na rana? Ku nemo mota."

Wata akori-kura mai ɗaukar auduga ta kai mu sabuwar maƙabarta, can bayan gari kan hanyar Maruwa. Ƙasar tsakuwa ce, diga ɗaya ta karye. Muka kwantar da shi tsakanin mutanen da bai sani ba. A hanyar dawowa Bilya ya zauna kusa da ni.

Ranar sadakar uku Eugène ya zo gaisuwa da buhun shinkafa da mai ɗaukar hoto. Karimatu, 'yar marigayin, ta aiko daga cikin gida cewa a mayar da buhun mota. Da ya gama addu'a ya biyo ni har ƙofar gidanmu.

"Abin ya taɓa ni, wallahi," ya ce. "Amma aiki bai ƙare ba. Litinin za mu fara da unguwar masunta. Su ma ba sa yarda da mu. In kana gaba, za su saurara."

"Za su saurara," na ce.

"To, in turo mota?"

"Kada ka turo. Zan riga ku zuwa, da ƙafata. Zan gaya musu inda muka binne Baba Halliru."

Na shiga, na tura ƙyauren, na sa sakata. Na ji shi tsaye a waje na ɗan lokaci, kafin takalmansa su tsallake lambatun.