Fanka a Karusar Dona Ufrasiya

Sau uku Idirisu maƙeri yana hawa tudu zuwa saman birnin Salvador, can ƙetaren teku inda aka kai Hausawa bauta, don ya fanshi matarsa, sau uku yana saukowa shi kaɗai. Shi kam ya daɗe da fansar kansa, har yana da 'yar maƙera a ƙasan gari kusa da inda jiragen ruwa ke sauke kaya. Amma matarsa Lantana baiwa ce har yanzu a gidan Dona Ufrasiya, wata tsohuwa da mijinta ya mutu ya bar mata gidan sama da bayi shida da ciwon sarƙewar numfashi. Ba a kan kuɗi ake ja ba. Tsohuwar ko kallon abin da ya kawo ba ta yi.

"In na sake ta, wa zai yi mini fifita?" Amsarta ke nan kullum.

Fifita fa, jama'a! Shekara goma sha tara Lantana na riƙe da mafici saboda matar nan. A gida iskar teku na shiga bene, babu damuwa. Matsalar karusa ce. Kullum da rana tsaka sai tsohuwar ta tafi coci a cikin wata tsohuwar karusa da mijinta ya sauko da ita daga jirgi tun suna amarci, labulaye a sake ruf, wai mace mai daraja ba ta bari 'yan titi su ga fuskarta. Ciki kamar tanda. An gwada mata wasu bayin, ta ce hannunsu bai iya ba.

A hawa na huɗu Idirisu da magana ya je. Ya durƙusa ya ce, "Sinya," don haka ake kiran uwargijiya a garin, "in na sa karusar nan ta riƙa yi miki fifita da kanta fa?"

Tsohuwar ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta farfaɗo ta kama gicciyen wuyanta ta rantse: ranar da karusa ta yi fifita da kanta, ya biya ya tafi da matarsa. Sharaɗi ɗaya ne, kada ya kuskura ya huda mata katako ko da da bakin allura.

Wata biyu ya yi a kan aikin. Tunda an hana ƙusa, sai ya ƙera maɗaurai na ƙarfe ya shimfiɗa musu fata a ciki, su kama katako ba tare da sun karce fenti ba. Ya ɗaura faifan katako a cibiyar ƙafar baya, ya zarga igiyar fata daga nan ta hau ta shiga ta 'yar tagar baya, ta kama wani ƙaramin faifai a ƙarƙashin rufi. A jikin wannan ya kafa fukafukai huɗu na siririn katako. Ƙafa ta juya, fanka ta juya. Da farko ya karkata fukafukan a baibai, iska ta yi ta dukan rufi. Ya gyara. Ya shafa mata man kifin da ake kawowa daga ƙauyen Itapuã, wari ya cika karusar, sai da ya kwance komai ya wanke ya koma man ja.

Audu, dattijon da ke tuƙa karusar, shi ma Bahaushe ne kuma bawan gidan, shi ke zagayawa da shi gwaji. Idirisu ya shige ciki ya saki labule, Audu ya kaɗa dawaki. Ranar da iska ta cire masa hula, Idirisu ya yi hamdala har da hawaye.

To ga inda suka yi wauta, kuma wallahi har yau abin na ba ni haushi. Baƙin mutum a zaune shi kaɗai cikin karusar uwargijiya, in 'yan doka suka gan shi, bulala ce. Saboda haka da Audu ya ja linzami, kafin ƙafa ta gama tsayawa Idirisu ya riga ya dira. Ko sau ɗaya bai taɓa zama a cikinta tana tsaye ba. Mutum ɗaya ce ta san yadda cikin nan yake in an tsaya, ita ce Lantana, kuma bai tambaye ta ba. Wai aikin ƙarfe ne, ina ruwan mace.

Ranar gwaji Idirisu da kansa ya roƙa a bar mafici a gida, don kada a ce da taimako. Tsohuwar ta shiga, Lantana ta bi ta ta zauna hannu a cinya. Shi kuma yana biye a ƙasa, yana jin fankar na fir-fir ta tagar baya, zuciyarsa fari ƙal.

Suna tsakiyar hawan wani titi mai tudu da ake kira Ladeira da Praça sai igiyar wasu 'yan dako ta tsinke. Wata ƙatuwar ganga da mutum takwas ke ɗauke da ita a kan sanduna ta faɗo ta gindaya a hanya, ta maƙale tsakanin bango da bango. Audu ya tsaya, ya sauko ya tare ƙafafun da duwatsu. Kafin a ce me, amalanke biyu sun toshe baya. Ba gaba, ba baya, rana kuwa ta take tsaka.

Fanka ta yi tsit.

Idirisu ya matso jikin karusar. Ya sa kafaɗa zai ɗaga ƙafar baya ya juya ta da hannu, Audu ya riƙe shi. "Kai, ka haukace? A kan gangare? Kashe su za ka yi!" Idirisu ya ruga wurin 'yan dako ya kama ganga tare da su, ko motsi ba ta yi ba. Ya dawo ya leƙa ta tagar baya. Tsohuwar ta kife, bakinta a buɗe, numfashinta na fita da ƙara kamar tsohon zugazugi. Ko a haka, da Lantana ta kai hannu ga labule, sai ta buge hannun.

In matar nan ta mutu a nan, Idirisu za a kama, ita kuwa Lantana magada su sayar da ita gonar rake. Ya san haka, ita ma ta sani. Ta ɗaga ido suka dubi juna. Sai ta miƙe a duƙe, ta zame igiyar fatar daga ƙaramin faifan, ta sa yatsu ta fara juya shi.

Iska ta taso, irin wadda mafici bai taɓa bayarwa ba. Kusan awa guda tana juyawa kafin a kawar da gangar.

A ƙofar coci Dona Ufrasiya ta sauko garau, har da murmushi. "Maƙeri, hannunka na da albarka. Ban taɓa shan iska irin ta yau ba. Ka cire wannan igiyar banza, ka sa mata mariƙi, Lantana ta riƙa juyawa."

"Sinya, alkawarin fa?"

"Cewa na yi in ta yi da kanta. Ta yi?"

Gaskiya ne kuwa. Ba ta yi ba.

Ranar Lahadi aka aiko Lantana maƙera. Ta same shi zaune, wuta a mace, baƙin ciki ya hana shi ko ɗaga kai.

"Ba zan ƙera mariƙin nan ba," ya ce. "Na rantse ba zan ƙera ba."

"Malam, ko ka ƙera ko ba ka ƙera ba, gobe sai na juya ta." Ta buɗe masa tafinta. Yatsu uku sun saluɓe, gefen faifan ya cinye fatar. "Ka yi shi da kauri, ka naɗe shi da fata mai laushi. Wa zai yi mini shi da kyau in ba kai ba?"

Idirisu ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya jawo ɗan zare daga cikin tarkacensa, ya kama tafin matarsa a hankali, ya auna faɗinsa.